Wata bakwai da Galaxy Tab A9 a hannuna, ga inda ta yi mini rana ga inda waya ta fi ta

Tun ranar da na fara shiga ofishin malamai da tab ɗin nan, wato kwamfutar hannu ta Samsung, tambaya ɗaya ake ta yi mini, wai Malam in sayar da wayata in cika kuɗi in sayi irin taka ne? Wani abokin aikina har ya kai wayarsa an taya. Na ce masa don Allah ya dakata tukuna, kar ya sayar, kuma dalilin da ya sa na ce haka shi ne nake so in baje a nan, don na san akwai ɗalibai da malamai da yawa a garin nan na Zariya da ke wannan lissafin a zuci, kuɗin kuma ba ya isa a sayi biyun lokaci guda.

Ni da safe ina koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada, da rana kuma ina hawa mota zuwa jami'ar ABU a Samaru saboda digiri na biyu da nake yi. Duk wanda ya yi karatu a 'yan shekarun nan ya san yanzu kusan komai PDF ne, littafi PDF, handawut PDF, tsofaffin tambayoyin jarabawa PDF, duk a guruf ɗin WhatsApp ake zubo su. Wayata Tecno Spark 10 Pro ce, kuma ba ni da abin da zan ce mata sai alheri, amma ka zauna da littafi mai shafi 300 a kan waya, kana buɗe rubutu da yatsu biyu kana ja dama kana ja hagu, kafin ka kai ƙarshen layi ka manta farkonsa, wallahi bayan awa ɗaya idona har ruwa yake yi, wuyana ya riƙe. Fotokwafi kuma kuɗin takarda ya tashi, laftof mai kyau ba a ma maganarta tunda aka saki Naira a 2023 kayan waje suka yi sama. Shi ya sa na fara tunanin tab.

PZ na je, ranar wata Asabar da hantsi. Na shiga shago ya kai biyar kafin na tsaya a wani ƙarami da ke ciki-ciki, kuma abin da ya tsayar da ni yaron shagon ne, bai yi mini irin daɗin bakin nan na "wannan ai ba ta da na biyu" ba. Ya ciro mini guda huɗu ya jera a kan gilas. Akwai Redmi Pad SE mai inci 11 da batir 8000mAh, kyakkyawa ce sosai amma ba ta cin sim, sai wayfai. Akwai Infinix Xpad ita ma inci 11 mai cin sim, ga Galaxy Tab A9+ babba, sai ƙaramarta A9 mai inci 8.7. Ya kuma nuna mini tsofaffin iPad na hannu ya ce in ina so akwai, sai dai in sani batirinsu ya sha aiki. Da na ɗauki A9 ina juyawa sai ya ce, "Malam, gara in gaya maka tun yanzu, wannan ba ta da tocila, kuma ba a buɗe ta da yatsa, sai lamba ko fuska. In kana da waya ka riƙe abarka." A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba, daga baya na gane ya yi mini nasiha ce ta tsakani da Allah. Farashi kam yana bin dala, na wannan satin daban na wancan daban, ka je da ƙafarka ka taya a shago biyu uku, zuwa da kai ya fi saƙo.

Na zaɓi ƙaramar ne don tana cin sim kuma nauyinta bai wuce giram 330 da 'yan kai ba, tana shiga jakar da nake zuba littattafan yara ba tare da na ji ta ba. Tana ma shiga aljihun gefe na kaftani, sai dai za ta rinjayi rigar gefe guda, kowa ya gan ka ya san ka ɗauko wani abu.

Maganar sikirin ita ce gaba ɗayan dalilin sayen tab, don haka bari in tsaya a kanta. Mutum zai ce waya inci 6.8, tab inci 8.7, ai bambancin bai kai inci biyu ba, me zai sa in ɓata kuɗina? Abin da ba a lura da shi ba shi ne daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna incin nan, kuma wayoyin yanzu dogaye ne sirara. Faɗin sikirin wayata bai cika santimita 7 ba, na tab ɗin ya haura 11, in ka haɗa tsawo da faɗi filin ya kusa ninka na wayar. Kuma faɗi shi karatu yake buƙata. Shafin littafi yana fitowa layi ya cika daga gefe zuwa gefe, in rubutun ƙanana ne sai in kwantar da ita shikenan. Teburan lissafi da a waya sai na yi ta ja, a nan kallo ɗaya nake musu. Tana kuma raba sikirin biyu, littafi a sama inda nake rubuta not a ƙasa. Gaskiya wajen kaifin hoto wayar ta fi ta, don ɗigon hoton sikirin (fiksel) na tab ɗin 1340 ne a 800, wayar kuma 1080 ce a faɗi kaɗai, in ka kawo ido kusa za ka ga bambanci, amma a nisan da mutum yake riƙe littafi bai taɓa damuna ba. Cikin rana tsaka a waje kam sai ka nemi inuwa.

Wanda ya fi kowa morar sikirin nan ba ni ba ne, Hajiyarmu ce. Idonta ya yi rauni, ta daɗe tana karatu da wani babban Alƙur'ani mai nauyi da sai an ɗora mata a kan matashi. Wata rana bayan magariba na buɗe mata Mus'hafin Madina a tab ɗin, shafi guda cur mai layi 15 ya fito kamar yadda yake a takarda, na ƙara haske kaɗan na miƙa mata. Ta gyara tabarau, ta sa yatsa a ƙarƙashin layin farko kamar yadda ta saba sai shafin ya juya, ta ɗago ta ce "Kai, ya gudu." Na nuna mata ta riƙa bin layi ba tare da ta taɓa gilashin ba, in ta kai ƙarshe ta shafa gefe. Ba ta ajiye ba sai da aka kira isha'i. Tun daga ranar "allon nan naka" take ce mata, kuma da azumi da ita ta riƙa sauraron tafsiri, sifikunta biyu suna da ƙara daidai ɗaki.

Batir kuwa kar lamba ta ruɗe ka. 5100mAh ne, na wayata 5000, kusan ɗaya ke nan, ga shi sikirinta ya fi girma. In karatu kawai nake yi data a kashe tana kai ni kwana biyu, in bidiyo ne a YouTube yini ɗaya ta gama. Cajinta wat 15 ne, ba ta da sauri, a unguwarmu da wuta ke zuwa ta koma babu sallama sau da yawa ana ɗaukewa ba ta cika ba, sai in kai ta wajen mai sola a bakin layi. Amma ga wata riba da ban yi tsammani ba, tunda karatu da kallo suka koma kan tab, wayata ta huta, da kafin la'asar take neman caji yanzu har in kwanta da saura.

Na taɓa gwada abin da abokin aikin nan nawa yake son yi. Sati guda na cire babban layina na sa a tab ɗin na bar wayar a gida, don in ga ko za ta iya tsayawa ita kaɗai. Kira yana shiga lafiya lau, tes yana shiga, manhajar banki tana buɗewa. To amma rayuwa ba a kan kujera take ba. Ina cikin keke daga Kwangila mu uku a baya an matse, kira ya shigo, sai da na roƙi na kusa da ni ya ɗan gyara kafin na zaro ta daga jaka, kafin nan ya katse. Ba abin da za ka kara a kunne ba ne cikin mutane, dole sai da iyafis. A kasuwar Sabon Gari na sayi shinkafa zan yi taransifa, hannu ɗaya da leda, ga turereniya, ga abu kamar faranti na ɗaga ina danna lambar sirri duk wanda ke bayana yana iya gani, hankalina bai kwanta ba sam. Da waya ce yatsa ɗaya zan ɗora, in kare da tafin hannu in gama in nuna wa mai kaya alat. Sim ɗaya kuma take ci, mu kuwa nan kowa layi biyu yake riƙewa saboda in wannan netwok ɗin ya ɗauke wancan yana nan. Daren Laraba na dawo daga Samaru a makare, an ɗauke wuta, lungunmu baƙi ƙirin ga kwata a tsakiya, na laluba zan kunna tocila sai maganar yaron shagon nan ta faɗo mini. Da hasken sikirin na lallaba har ƙofar gida. Ran Juma'a na mayar da sim ɗina inda yake.

Kamara ba sai an ja magana ba, ta baya 8MP ta gaba 2MP. Ta isa ka ɗauki hoton allo ko takarda da rana, ta isa lakca ta Zoom. Hoton biki ko na kayan sayarwa kam waya. Duk mai sana'a a sitatus, masu atamfa da turare da abinci, kuɗinku a kamarar waya ya kamata ya tafi.

Yadda na daidaita su yanzu, ban ma sake sa mata sim ba. Da na yi niyyar yankar sabon layi, sai na ga ga rajista da NIN ga sayen data kashi biyu duk wata, sai kawai nake kunna hotsifot a waya in na tashi sauke wani abu, in gama in kashe. Wannan ya sa wani lokacin nake cewa da na sani da mai wayfai zalla na saya mai inci 11, tunda sim ɗin da na biya kuɗi dominsa ba na amfani da shi. WhatsApp kuma ba sai da wata lamba ba, ana haɗa lamba ɗaya da na'ura har huɗu, ka shiga wajen haɗa na'urori a waya ka ɗauki hoton lambar QR da ta fito a tab ɗin, duk PDF ɗin da aka turo guruf sai ka buɗe shi kai tsaye a babban sikirin. Shawara ɗaya, ka hana ta sabunta manhajoji da kanta, don tana iya ɗaukar hotsifot a matsayin wayfai na kyauta, ni a daren farko ta sha mini data sosai kafin na farga.

Rubutu fa? Na sayi ƙaramin kibod mai bulutut, da shi da manhajar rubutu ta WPS na buga asaimen da yawa da tambayoyin jarabawar yarana, kuma Gboard, kibod ɗin kan sikirin na Google, yana da Hausa, ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan ga mu masu koyar da harshe. Amma kar wani ya ce maka ta maye laftof. Da na zo wajen lissafin bayanan bincike manhajar da ake yi da ita, SPSS, ba ta hawa Android, sai da na ari laftof ɗin wani abokin karatuna, haka gyaran shafuka da jerin manazarta na firojek yana da wahala a kanta. RAM ɗinta 4GB ne, ma'ajiya 64GB, furosesar Helio G99 ke tuƙa ta, ga karatu da kallo ba ta taɓa tsaya mini ba, in ka tara abubuwa da yawa a buɗe ne take ɗan nauyi. Tana cin memori, na sa mata mai 128GB na zuba littattafai da karatuttuka.

Gidan da ke da yara kuwa a shirya. Waya tana aljihunka, tab a kan tebur take kwana, kuma yaro yana ganinta ya ga talabijin ɗinsa. Autarmu ta taɓa jawo ta daga kan kujera ta faɗi a siminti, Allah ya taimaka gilashin kariya ne kawai ya tsage. Da na kai a canza na tambayi mai gyara in da sikirin ne fa, ya ce na Tecno da Infinix da itel yana da su a durowa yanzu zai sa maka, na tab kuwa sai ya aika Farm Centre a Kano ko Legas, ka jira kwanaki kuma kuɗin ba kaɗan ba. Don haka ranar da ka saya, ranar za ka sa mata gilas da riga mai murfi, murfin ma yana tare ƙurar hunturu.

Ƙanena da ya samu gurbi a harabar ABU ta Kongo bana ya zo da kuɗin da ya tara yana son irin tawa, wayarsa kuma ta tsufa batirinta ya kumbura. Na ce masa ya sayi waya mai kyau tukuna, mai faɗin sikirin da batir 5000, don da ita zai yi rajista, da ita za a turo masa kuɗi, da ita za mu same shi, tab ta biyo baya in Allah ya hore, kafin nan in jarabawa ta matso ya zo ya ari tawa. Abokin aikina shi ma bai sayar da tasa ba, ya shiga adashi yana jiran kwasarsa. Ni kuma yanzu mai inci 11 nake hari, saboda ƙaramar nan kusan ta bar hannuna, kullum bayan asuba tana ɗakin Hajiya, sai na tsaya a bakin ƙofa na jira ta kai ƙarshen shafi kafin in karɓa in wuce makaranta.