Birkin mai ya yi laushi: a cire iska ko a koma birkin waya?

Masu keken hawa dutse a Kano suna yawan tambaya: bayan an ɗaura sabon birkin mai, hannun birki yana lotsawa har ya kusa taɓa kan keke, shin a cire iska ne ko a koma birkin waya?

Galibi iska ce ta shiga lokacin da aka yanke tiyon man wajen ɗaura birkin; hannun yana lotsawa ne domin iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Cire ta ya fi sayen wani birki araha, sai dai yana buƙatar sirinji da man da ya dace. A nan haɗarin yake: birkin kamfanin Shimano man minaral yake sha, birkunan kamfanin SRAM da yawa kuma DOT, wato irin man birkin mota, kuma duk wanda ya zuba man birkin mota a Shimano robobin ciki za su kumbura, su lalace. Ɗigon mai ɗaya a kan takalmin birki ma ya isa ya hana shi kamawa sosai.

Birkin waya kowane mai gyaran keke a bakin titi zai ɗaure shi, amma ƙurar hunturu tana shiga bututun wayar, ga yawan saiti.

Mai gangaren duwatsu da ke da makanikin da ya san aikin, ya cire iska. Mai zirga-zirgar cikin gari, birkin waya ya wadatar da shi.