Kwalin gwajin kotikosteron: ya yi min aiki, amma ya manta da ɓeraye mata

Wata bakwai ke nan ina amfani da wannan kwalin gwaji, na kuma ƙarar da guda biyar, don haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina a kansa. Irin na ELISA ne, wato gwajin da ake gane yawan sinadari ta hanyar launin da ya fito, faranti ɗaya mai ramuka 96, ana auna kotikosteron da shi a ruwan jini. Ga wanda bai saba da harkar ba, kotikosteron shi ne homon ɗin (sinadarin da ke kai saƙo a jiki) da ƙullin saman ƙoda yake saki idan ɓera ya shiga matsi, kamar dai kotisol a jikin ɗan Adam. Aikina a kan ɓerayen Wistar ne, wani nau'in ɓeran ɗakin bincike, maza da mata, waɗanda ake takura wa a lokacin tashen balaga, wajen kwana 28 zuwa 42 da haihuwa, sannan a jira su girma a ga tabon da takurar ta bari.

Abin da ya fara jan ni gare shi ƙanƙantar jinin da yake buƙata. Duk wanda ya taɓa riƙe wutsiyar ɓera ɗan wata ɗaya yana neman jijiya ya san ɗigo ɗaya ma abin lallaɓawa ne. Ga kuma agogo a kanka: daga lokacin da ka taɓa keji, ƙasa da minti 3 gare ka ka ɗebi jinin, in ka wuce haka homon ɗin ya fara hawa, sai ya zama tsoron hannunka kake aunawa. Maikrolita 10 ta ishi wannan kwalin. Kwalaben cikinsa kowacce da launin murfinta, ba a rikicewa, kuma idan na zuba samfur ɗaya a rami biyu sakamakon yakan zo kusa da juna ƙwarai. Faranti ɗaya yana ɗaukar samfur kusan 40, a gama a yini guda. A nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Matsalar ta fito ne a farantin farko da na haɗa maza da mata bayan takura. Shi irin wannan gwajin a juye yake: in homon ya yi yawa, launin ramin sai ya yi haske. Da na zuba ruwan da ke fito da launi, layin mazan ya yi shuɗi daidai misali, na matan kuwa kusan fari fat. Na zuba ruwan tsayarwa, na mazan ya koma ruwan ɗorawa, na matan da ƙyar ake ganin alamar launi. Gabana ya faɗi, na ɗauka na tsallake wani mataki. Na kai farantin wurin dattijon da ke kula da na'urorinmu, ya ɗaga shi sama ya duba, ya ce, "Malama, hannunki lafiya lau. Matan ne suka fi ƙarfin surkin da kika yi." Da na'ura ta karanta a nanomita 450, maganarsa ta tabbata: yawancinsu sun taru a ƙarshen layin ma'auni, wato layin da ake gwada samfur da shi a san yawan homon ɗinsa, inda ba a iya bambanta mai yawa da mai yawa sosai.

Ni kuwa surkin da takardar cikin kwalin ta ba da misali na bi, kashi 1 cikin 40. Takardar ta yi bayanin yadda za a adana jini, yadda za a wanke faranti, har da sauran homon da ka iya shiga lissafi, amma ko sau ɗaya ba ta ce a lura da jinsin dabbar ba. Wannan ya ba ni haushi, domin ba sabon ilimi ba ne. Tun 1961 Julian Kitay ya nuna cewa ɓeraye mata sun fi maza fitar da kotikosteron, kuma idan aka takura musu nasu ya fi hawa. Na san daga inda sakacin ya samo asali. A 2011 Annaliese Beery da Irving Zucker sun ƙirga cewa a binciken ƙwaƙwalwa, nazarin da aka yi da dabbobi maza zalla ya ninka na mata zalla sau 5.5. Sai a 2016 hukumar NIH mai kula da binciken lafiya ta Amurka ta fara neman masu karɓar tallafinta su riƙa la'akari da jinsi. Takardar kwalin kamar tana can baya da wannan.

Ba asarar faranti ce ta fi damuna ba, duk da cewa dole na sake narkar da daskararren jinin da na so in taɓa sau ɗaya tak. Abin da ya tsaya min a rai shi ne irin kuskuren da wani zai iya tafkawa bai sani ba. A 2011 Chase Bourke da Gretchen Neigh na Jami'ar Emory sun ba da rahoton cewa ɓeraye matan da suka sha takura a lokacin balaga sun rage shan ruwan sukari, sun rage motsi a gwajin iyo (alamomin da ake kamantawa da ciwon damuwa), sannan kotikosteron ɗinsu bai hau yadda ya kamata ba da aka sa su cikin sabon matsi, alhali 'yan'uwansu maza ba su nuna irin wannan sauyin hali ba. To, ta yaya za ka ga raguwar hawa idan duk matan, waɗanda aka takura da waɗanda ba a takura ba, sun bugi rufin ma'auni? Lambobinsu za su fito kusan iri ɗaya, ka rubuta cewa babu bambanci. Kuma dalilin da ya sa muke wahala da waɗannan dabbobi ke nan: a cikin mutane, ciwon damuwa ya fi kama mata fiye da maza kusan ninki biyu, ratar kuma a shekarun balaga take fara buɗewa.

Da na ƙara surkin matan zuwa 1 cikin 100, suka dawo tsakiyar layi, komai ya fito sarai.

Akwai abu na biyu da mai saye ya kamata ya sani. Kwalin yana zuwa da wani ruwa da ke raba homon ɗin da furotin CBG da ke riƙe shi a jini, saboda haka jimilla yake ba ka, ba wanda ke yawo a sake yana aiki ba. Ɓeraye mata kuwa sun fi maza CBG, don haka babbar lamba ba lallai ta nuna cewa ƙwaƙwalwarsu ta fi shan homon ɗin ba. Wannan ba laifin kwalin ba ne, amma da layi biyu a takarda sun wadatar. Haka batun zagayowar lokacin barbara, da ke ɗaukar kwana 4 zuwa 5 yana kuma motsa homon ɗin, da batun sa'ar ɗibar jini, tunda na ɓera gab da shigar duhu yake kaiwa ƙololuwa. Waɗannan aikin mai bincike ne.

Zan ci gaba da sayensa, na riga na yi odar na shida. Duk wanda zai fara, ya sadaukar da layi biyu na farantin farko ya gwada jinin mace a surki uku ko huɗu kafin ya zuba samfuransa na gaske. Ni dai na rubuta nawa surkin da jan alƙalami a murfin kwalin, na maza daban, na mata daban, saboda ɗalibar da za ta karɓi aikin bayana.