Wuta ce ko mai? Ka bambance kafin a taɓa kafureta

Ɗan'uwa, ka ce tsohuwar a-kori-kurarka mai shan fetur tana karkarwa idan tana silo, tana mutuwa in ka zo tsayawa, ga kuma wata ƙara ƙas-ƙas daga inji. Wani ya ce maka kafureta ce, wani ya ce fulogi. Ni dai kada ka sayi komai tukuna, kuma kada ka bari a murɗa sukurun kafureta. Fara lura da yadda motar ke mutuwa, domin ciwon wuta da ciwon mai ba iri ɗaya suke kashe inji ba.

Idan wuta ce, inji yakan ɗauke farat ɗaya, kamar an kashe makulli. Kwayil, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi, in ya gaji yana aiki lafiya lau da sanyi, da ya ɗauki zafi sai ya yanke. Ka jira ya huce, motar ta tashi kamar ba ita ba. Idan kuwa mai ne, sai ta yi ta tari tana fizga, ka taka totur ta ɗan farfaɗo, sannan ta saki. An fi ganin haka a hawan tudu ko da kaya a baya, lokacin da inji ke neman mai da yawa amma filta ta toshe ko famfo ya yi rauni.

Karkarwar ma ta bambanta. Ta wuta tana da tsari: kai hannunka kusa da bakin salansa, za ka ji "fut, fut" a kan ƙa'ida, alamar silinda ɗaya ba ta ƙona mai. Cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, ka mayar nan take. Wadda ka cire inji bai sauya murya ba, nan ciwon yake. Da dare kuma ka buɗe bonet a cikin duhu. In waya ta tsage, za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle zuwa jikin inji. Karkarwar mai ba ta da wannan tsari, silo ne ke hawa yana sauka yadda ya ga dama.

Fulogi shi ne mashaidin da ba ya ƙarya. Bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Jiƙe da fetur, wuta ba ta zuwa. Jiƙe da baƙin mai, wannan magana ce ta ringi ko robobin bawul, ba ruwan kafureta.

Amma akwai na uku da ba a ambata maka ba, kuma shi na fi zargi: iska. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, bisa nauyi. A silo ƙofar totur a rufe take kusan gaba ɗaya, iskar da ke shiga 'yar kaɗan ce. To idan wani tiyon roba ya bushe ya tsage, ko gasket ɗin gindin kafureta ya saki, iskar da ke satar hanya ta nan ta isa ta ɓata haɗin. Shi ya sa irin wannan mota take karkarwa a tsaye, amma da ka ba ta wuta ta miƙe sumul. Ka kasa kunne, sau da yawa za ka ji "ssss". Matse ƙananan tiyo ɗaya-ɗaya da filaya, wanda ka matse silo ya daidaita, shi ne. Tunda kuma ka ce wajen tsayawa take mutuwa, duba babban tiyon da ya tafi bustar birki. Taka birki a tsaye, in silo ya faɗi ko ya rikice, bustar ce ke shan iska. Abin da ke ba ni takaici shi ne a ɗaga silo don a ɓoye wannan, alhali ya kamata ya zauna wajen juyi 600 zuwa 900 a minti.

In motar mai injekta ce, bawul ɗin da ke daidaita iskar silo in ya lalace, ko na EGR (mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji) in ya maƙale a buɗe, suna kawo irin wannan. Wadda aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II, inda ake jona na'urar karanta lambobin matsala: lambar P0300 na nufin ƙunar na tsallake, P0171 kuma iska ta fi mai.

Sai ƙarar. Ƙas-ƙas mai sauƙi daga saman inji yawanci tafet ne, wato ƙarfen da ke tura bawul, ko dai yana son seti ko baƙin mai bai kai masa ba. In tana da ƙarfi da sanyi amma ta lafa da inji ya yi zafi, duba inda bututun hayaƙi ya haɗu da kan inji, baƙin tabo zai nuna maka wurin yoyo. Wadda nake tsoro ita ce ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, "ƙum-ƙum", tana ƙaruwa da totur, tana raguwa in ka cire wayar fulogin silindar. Wannan metal ne, wato beyarin da ke gindin sandar fistin ya cinye. In ita kake ji, kashe motar, zaro sandar awon baƙin mai ka duba, kuma kada ka tuƙa ta sai an auna ƙarfin famfon baƙin man.