Sauraron BBC Hausa ta intanet: inda ya yi kyau da inda yake ba da wahala

Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, yanzu kuma duk mai waya zai iya jin labaran ta bbc.com/hausa ba sai ya ɗaga eriya ba. Muryar tana fitowa tar, babu shuuu ɗin gajeren zango, kuma wanda shirin safe ya wuce shi zai tarar da shi a shafin. Wannan kaɗai ya isa a yaba.

Matsalar tana wajen katsewa. A wayoyi irin Tecno da Infinix, da allo ya mutu sai sautin ya tsaya, domin tsarin tattalin batir yana rufe Chrome, manhajar da ake buɗe shafin da ita. Maganinsa: a shiga saitin waya, a zaɓi Chrome, a cire masa takunkumin batir. Masu Opera Mini kuma su kashe matsanancin tattalin data, don shi ke hana na'urar sautin buɗewa. Shirin kai-tsaye yana zuwa da jinkirin wasu daƙiƙu a bayan rediyo, saboda wayar tana tara sautin kafin ta saki.

Batun data kuwa, sauti mai nauyin 64 kbps (kilobit 64 a kowace daƙiƙa) yana cin kusan MB 14 a rabin awa. Bidiyo ya ninka haka nesa ba kusa ba.

Tun Yulin 2025 aka rufe BBC Sounds, manhajar sauraron shirye-shiryen rediyon BBC, ga waɗanda ke wajen Birtaniya. Abin da mai sauraro a Zinder ko Gusau yake buƙata shi ne manhaja ƙarama mai maɓallin rage nauyin sauti, wadda za ta sauke shirin da kanta cikin dare lokacin da data ke araha.