Taurarin Google ko bakin makanike: wa za a fi yarda da shi wajen sayen mota a Sakkwato?

Hajiya, na ga tambayarki. Kin haɗa kuɗin Corolla, kin tsaya tsakanin dillalai biyu. Na farko yana da maki 4.9 cikin 5 a Google, shafinsa na Facebook cike da yabo. Na biyu ko shafi ba shi da, sai dai makanikin maigidanki ya ce a wurinsa ya kamata a saya. Kina son sanin wace shaida ta fi nauyi. A ganina shaidun nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, shi ya sa sai an ajiye su kusa da juna kafin a ga amfanin kowace.

Mu fara da masu bayar da shaidar. A Google duk wanda ke da asusu zai iya danna wa kowane wuri tauraro biyar. Ba a tambayarsa rasit, ba a tambayarsa ko ya taɓa taka ƙofar wurin. Kamfanin da kansa ya ce a 2023 kaɗai ya toshe ko ya goge sharhi sama da miliyan 170 da suka saɓa wa ƙa'idarsa. A Amurka abin ya kai hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta kafa doka a 2024 da ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya, da tarar da ke iya haura dala 50,000 a kan kowane laifi, Birtaniya ma ta bi sahu a Afrilun 2025. Mu nan muna da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, amma kada ki ɗauka akwai wani jami'i da ke zaune yana tantance taurarin filin mota na titin Maiduguri.

Sai kuma yawan sharhin. Danna ki ga mutum nawa ne suka haɗa 4.9 ɗin. Filin da mutum 10 suka ba tauraro biyar-biyar, mai ƙorafi ɗaya ya shigo da tauraro ɗaya, makin zai faɗo zuwa 4.6. Haka kuma yaran fili biyar da wayoyinsu sun isa su mayar da shi sama kafin la'asar. Alhazan da ke sayen mota a garin nan kuwa, ke ma kin san ba masu komawa gida su rubuta sharhi ba ne. Na Facebook ya fi rauni ma, domin mai shafi yana iya ɓoye ko goge abin da bai so a ƙarƙashin hotonsa, yana iya rufe sashen shawarwari gaba ɗaya. Mafi yawan abin da ke wurin "Allah ya kawo kasuwa" ne da "Masha Allah, sai Alhaji". Wannan addu'a ce, kuma addu'a abu ne mai kyau, amma ba ta gaya miki komai game da giyar mota.

Akwai kuma halinmu na kunya. Basakkwacen da aka sayar wa mota mai shan baƙin mai ba ya zuwa intanet ya tona asirin mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci. Wajen yayan dillalin yake zuwa, ko wajen shugaban 'yan kasuwar, a sasanta a zaure. Saboda haka rashin ƙorafi a shafin dillalin gida ba ya nufin babu masu ƙorafin.

Makanike fa? Shi mutum ɗaya ne, kin san garejinsa, idan abu ya lalace akwai inda za a je a tsaya masa. Wannan kaɗai ya fifita shi a kan sunaye hamsin da ba ki san fuskokinsu ba. Amma shi ma yana da tasa. Sau da yawa wanda ya kai mai saye yana da la'adarsa a wajen dillali, kuma daga cikin kuɗinki take fita ko ba a faɗa ba. Ba na cewa makanikinku haka yake, al'adar kasuwar ce. Maigida ya tambaye shi kai tsaye cikin raha: "Oga, nawa ne naka a ciki?" Yadda ya amsa zai nuna abubuwa da yawa.

Inda bambancin ya fi girma shi ne lokaci. Sharhin intanet, ko da na gaskiya ne, galibi ranar karɓar makulli ake rubuta shi. An ba mutum ruwan sanyi, an rage masa farashi, an ɗauke shi hoto a gaban mota tana ƙyalli. Abin da ya yaba tarba ce da iya magana. Mota kuwa ba ta faɗar gaskiyarta ranar. Sai an kama hanyar Gusau da ita giya ta fara fizga, sai Afrilu ya zo zafi ya haura digiri 40 a ga ko na'urar sanyaya ciki iskar gas kawai aka ɗura mata don ranar ciniki, sai fenti ya sha rana a gane inda aka cike da fota. Wa ke ganin motar a wannan lokacin? Masu gyaran mota na unguwannin Buzaye da J. Allen a nan Sakkwato. Su ne suka san filin da motocinsa ke dawowa bayan wata uku da injin da aka buɗe aka rufe, da filin da nasa sai canjin baƙin mai kawai ke kawo su. A nan bakin makanike ya yi wa tauraro nisa, kuma idan makanike biyu da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya game da fili, ni na ɗauka.

Amma akwai wurin da intanet ke gaba. Idan motar tana Legas ko Abuja ko Kaduna, kin gan ta a shafin saye da sayarwa na Jiji ko Instagram, makanikinku bai san kowa a can ba. A nan sharhi yana da amfani, sai dai daga ƙasa ake karanta shi. Ki tsallake masu tauraro biyar, ki nemo masu ɗaya da biyu. Idan mutum uku a watanni daban-daban sun ce an karɓi kafin alƙalami an daina ɗaga waya, ko an nuna mota ɗaya a hoto an kawo wata, magana ta ƙare. Ki duba ranakun: yabo ashirin a mako ɗaya sannan shiru na shekara, aikin gayya ne. Ki danna sunan mai sharhin ki ga ko ya taɓa rubuta wani abu a wani wuri. Ki kuma karanta yadda mai filin ke mayar wa mai ƙorafi martani, domin wanda ya zagi abokin cinikinsa a bainar jama'a ya riga ya nuna miki abin da zai yi miki a ɓoye. Wato sharhi yana iya fitar da dillali daga lissafi, amma bai isa ya zaɓar miki ɗaya ba. Kuma ko taurari dubu ne, kada kuɗi su tafi kafin wani naki ya tsaya a gaban motar.

Abu biyu kuma da sharhin da makaniken duk ba sa gani. Na farko tarihin motar kafin ta hau jirgi. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa. Idan daga Amurka ko Kanada ta fito, wannan lamba a Carfax, shafin da ke tara tarihin motoci, kan nuna ko ta yi hatsari, ko kamfanin inshora ya sallama ta, da kilomitan da aka rubuta mata a can, sai a gwada da abin da mita ke nunawa yanzu. Wani lokaci sa lambar kawai a Google kan fito da hotunanta na wurin gwanjo irin Copart, gaba a murƙushe. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Texas, kuma irin waɗannan kan bi ta gwanjo su fita ƙasashen waje. Motar da ta sha ruwa tana iya tashi lafiya lau a gaban makanike, wayoyinta su fara hauka daga baya.

Na biyu takardar kwastam, kuma mu da Illela, garin kan iyakar Nijar, ke bayan gidanmu mun fi kowa sanin wannan. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a 2019 kwastam suka bi filayen mota a garuruwa da dama suka garƙame saboda zargin motocin fasa-ƙwauri, daga 2022 kuma suka koma ƙiyasta duti da lambar VIN. Mai sharhin da ya ce "mutanen kirki ne" bai san ko takardarsa ta gaskiya ba ce, sai ranar da aka tare shi a shinge. Makanike ma injin ya sani, ba hatimi ba. A ɗauki kwafin takardar dutin a kai ofishin kwastam a tantance, a tabbatar lambar da ke jikinta ita ce ke jikin motar.

Da ni ne, Hajiya, filayen biyu duka zan je, da wani makanike na daban wanda zan biya kuɗin dubawa daga aljihuna, ya zo da kwamfutar gwaji, a je da safe injin yana sanyi kafin a tayar da shi. Wanda ya hana a ɗauki hoton VIN ko ya ce takarda sai bayan an biya, a yi masa sallama. Wanda ya yarda, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu cewa idan aibin da aka ɓoye ya bayyana a injin, giya ko takarda cikin kwanakin da kuka amince, mota ta koma kuɗi su dawo. Malamanmu sun daɗe suna karantar da haƙƙin mayar da kaya saboda aibi, don haka ba baƙon sharaɗi ba ne a kasuwar Sakkwato, rubutawar ce kawai mutane ke jin nauyi. Ki sa maigida ya nace a kanta.