Shagon saisi da na kai kwantarata, da batun tambur

Tun satin da ya wuce nake son in rubuta wannan, don mutum uku sun tambaye ni ina na yi takarduna na aiki har aka karɓa tashi ɗaya. Na samu aikin magajin sito wajen wasu masu saida taki da iri, kwantara ta shekara guda, suka ce in haɗo dosiye in kawo, kuma ita kanta kwantarar sai an buga ta kwafi uku an kai ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, sun sa mata biza. To ni dai tunda nake ban taɓa aikin da aka rubuta a takarda ba, duk na baki ne, ka yi wata a miƙo maka kuɗinka a hannu shi ke nan.

Shagon ƙarami ne, ba nisa da meri, daga unguwarmu Ali Dan Sofo ta Maradi kabu-kabu ya aje ni ƙofarshi. Injin fotokopi ɗaya, kwamfuta biyu, benci ɗaya da ba ya ɗaukar mutum biyar, sai wani dattijo mai tabarau da yarinya mai buga rubutu. In ka gan shi daga waje ba za ka ba shi dala ba. Amma wallahi abin da ya sa nake yabon wurin ba injin ba ne, kan dattijon nan ne.

Da na shiga na ce Baba tambur nake so na kwantara, sai ya ɗago ya dube ni ya ce ɗana wane irin tambur, na lampo ko na meri? Na yi tsuru, ni a tunanina tambur tambur ne. Nan ya zaunar da ni ya ware min takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kwafin takardar haihuwa da na difilom da za ka kai meri a yi musu legalize, tambur ɗin meri ake liƙa musu, kuɗin nan na komin ne. Kaziye kuwa, takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa yanke maka hukunci, da za ka karɓo a jastis wannan tambur fiskal ne, na gwamnati, wanda ke fitowa daga ofishin lampo, kuma kar ka yi saurin karɓo kaziye ɗin don wata 3 kawai yake yi ya mutu. Ya ce kullum sai ya ga wanda ya sayi na meri ya manna a takardar da ke son fiskal, ya bi layi tun safe a ce masa koma, kuɗin sun tafi tunda in ka ɓamɓare shi yagewa yake. Shawarar da ya ba ni wadda ta fi min komai amfani ita ce kar in liƙa komai da hannuna, in sa tambur ɗin cikin ambulan in tafi da shi, ma'aikacin da ya karɓi takardar shi zai faɗi nawa ake so ya manna ya buga kashe, wato hatimi, a kai. Haka na yi kuma ban yi asarar ko ɗaya ba, har guda ya rage min yana cikin fotfai ɗina.

Sai kuma inda suka ɓata min rai, don ba zan ɓoye ba. Yarinyar ba ta buga kwantara daga farko, akwai wata tsohuwa cikin kwamfuta da take canza suna da kwanan wata kawai. Da ta fiddo na ce ƙanwata bari in karanta tukuna, ta ɗan ɓata fuska don mutane na jira. Sunan mahaifina an rubuta shi ba yadda yake a kartidantite ba, harafi ɗaya ne amma kun san yadda harafi ɗaya ke hana mutum kuɗin fansho bayan shekara 30. Sannan a wajen da aka ambaci mafi ƙarancin albashi har yanzu sefa 30.047 ke rubuce, alhali tun Janairun 2024 aka mai da shi jika 42. Albashina ya fi haka, amma ka duba mai gadi ko direba da bai iya karatu ba, a miƙa masa ya dangwala yatsa a kan tsohon lissafi. Na nuna wa dattijon, ya yi mata faɗa kaɗan ya ce a gyara uwar takardar gaba ɗaya, kuma bai caje ni bugu na biyu ba, wannan na yaba.

Shi ne ma ya sa aka ƙara layin CNSS, asusun fanshon ma'aikata, da babu shi. Ya ce in lura, kashi 5,25 cikin ɗari ake cirewa a albashina, mai gidan aiki kuma ya zuba nashi kason wanda ya fi nawa, in ba a rubuta ba wata rana a cire maka a ce an kai kuma ba a kai ba. Ya kuma tuna min cewa dokar aiki ta 2012 ta ce kwantara mai wa'adi ba ta wuce shekara 2, sau ɗaya ake sabunta ta, in ga kar a riƙa ja na shekara shekara har tsufa. Ina ga tsohon ma'aikacin biro ne, ban dai tambaye shi ba.

Kuɗi kuwa, fotokopi dala biyar shafi kamar ko'ina. Tambur yana ɗora ɗan wani abu a kan abin da ke rubuce jikinshi, ya faɗa min da bakinshi kafin in biya, ya ce in ina da lokaci in je ofishin lampo in saya daidai farashi. Ranar zafi ake kamar a gasa mutum, na biya ƙarin na huta da kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa.

Matsalarsu babba kuran. Ba su da gurup, ba su da sola, ina zaune wuta ta ɗauke muka yi kusan awa ɗaya muna fifita da takardunmu, wata hajiya har ta yi fushi ta tafi. In za ku je ku je da sassafe, kuma ku tura takardunku ta WhatsApp maimakon kile USB, don kile ɗina da na soka a kwamfutarsu ya dawo da ciwo sai da na goge shi duka.