Wasiƙa daga Pittsburgh kan kasuwar katin 'yan wasa

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, kun nemi in bayyana muku abin da ya fi ɗaukar hankalina a harkar saye da sayarwa ta Amurka, kasancewar ku mutanen da suka tsufa a kasuwa ne. Labarin manyan kantuna da motoci kun riga kun sha jin sa, saboda haka na zaɓi wata ƙaramar haja, wato katin kwali mai ɗauke da hoton ɗan wasa, wanda girmansa bai kai tafin hannu ba amma ana zuba masa dukiya mai yawa.

Wasan da aka fi yi wa wannan kati shi ne besbol, inda mutum ɗaya yake jefa ƙwallo, wani kuma yana tsaye da kulki yana ƙoƙarin dukanta. Al'adar tara katin ta daɗe ƙwarai, domin tun tsakanin 1909 da 1911 ana saka shi a cikin kwalin taba, kuma ɗaya daga cikin na wancan zamani, mai hoton Honus Wagner na ƙungiyar garin nan, Pittsburgh Pirates, an sayar da shi dala miliyan 7.25 a 2022. A wannan shekarar ce kuma aka sayi katin Mickey Mantle da kamfanin Topps ya buga a 1952 a kan dala miliyan 12.6.

Abin da nake so ku duba, Kawu, shi ne hidimar da aka gina a kewayen hajar, domin ita ce ta mayar da kwali ya zama kadara. A gida, idan mutum zai sayi saniya ko gwal ko fili, yana dogara ne da idon dillali da amanar da ke tsakaninsu, kuma idan dillalin ya rasu ko ya tashi daga garin, shaidar ta tafi tare da shi. A nan akwai kamfanoni da aikinsu kawai tantance kati, mafi shahara shi ne PSA da ke jihar California, wanda aka kafa a 1991. Mutum zai aika da katinsa ta gidan waya, su duba ko na gaske ne, su auna kusurwoyinsa da gefunansa da fuskarsa da yadda hoton ya zauna a tsakiya, sannan su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin roba mai tauri da lamba ta musamman. Duk wanda ya shigar da lambar nan a intanet zai ga bayanin katin, zai kuma ga adadin irinsa da suka samu wannan maki. Farashin da aka sayar da irinsa a baya ma a fili yake a eBay, wani shafin saye da sayarwa na intanet, don haka ciniki ba ya tsawo, kuma mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suna iya musayar dubban daloli ba tare da fargaba ba. Hidimar tana da tsada, domin kuɗin tantancewa yakan fi kuɗin katin talakawa irin nawa, kuma ana jira makonni ko watanni kafin ya dawo. Duk da haka ina ganin tsari ne da ya cancanci 'yan kasuwarmu su yi nazarinsa.

Katin da na fi ji da shi na wani yaro ne mai jifa, Paul Skenes, wanda aka haifa a 2002. Ya fara karatu a makarantar horar da hafsoshin sojan sama, ya koma Jami'ar Jihar Louisiana, ya ci musu kofin jami'o'i na ƙasa a 2023, kuma a shekarar ce Pirates suka ɗauke shi na farko a cikin dukan sababbin 'yan wasa. Ya fara buga babban wasa ranar 11 ga Mayu 2024 a karawa da ƙungiyar Chicago Cubs. Dogo ne mai kusan mita biyu, jifarsa tana kai wa mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160, kuma yana da wata jifa da take tahowa kai tsaye sai ta nutse ƙasa daidai lokacin da mai kulki ya kai mata duka. A kakarsa ta farko ya ci wasa 11, aka ci shi 3, ya fitar da masu kulki 170 da jifa, aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa na rukuninsa. A 2025 ya karɓi kyautar Cy Young, wadda ake bai wa mafi iya jifa, ba tare da ko mai zaɓe ɗaya ya saɓa ba.

Abin da ya sa nake girmama shi ya wuce waɗannan alƙaluma. Pirates ƙungiya ce mai rauni, rabonta da kofin ƙasa tun 1979, kuma a kakar da ya ci Cy Young ɗin nan wasa 10 ya ci aka ci shi 10, alhali ƙasa da maki biyu ake samu a kansa a kowane zagaye tara, wato tsawon cikakken wasa ɗaya, domin sau da yawa abokansa sukan kasa cin makin da zai tallafe shi. Na zauna a filin PNC Park da ke bakin kogin Allegheny na kalle shi yana aikinsa cikin natsuwa, fuskarsa ba ta sauyawa ko wasa ya yi daɗi ko ya ɓaci. Irin wannan ɗabi'a a wajen yaro mai shekara ashirin da 'yan kai, wanda duniya ta buɗe masa, tana burge ni matuƙa.

Nawa katin na gama-gari ne, daloli kaɗan na saye shi a wani ƙaramin shago. Amma akwai guda ɗaya tilo a duniya, mai ɗauke da sa hannunsa da kuma ƙyallen da aka manna a hannun rigarsa ranar wasansa na farko. Pirates sun yi alkawarin kujerun kallo na shekara 30 ga duk wanda ya same shi, sai ya faɗo a hannun wani yaro ɗan shekara 11 a California. Iyalin suka zaɓi gwanjo, kuma a watan Maris na 2025 kamfanin Dick's Sporting Goods ya saye shi dala miliyan 1.11, kuɗin da ya zarce albashin Skenes kansa na wannan shekara.

Na san tambayar da za ku yi, kuma ni ma ta dame ni. Yawancin katunan a cikin fakiti rufaffe ake sayar da su, mutum ya biya bai san abin da ke ciki ba, yana fatan ya dace da mai tsada. Wannan ya yi kusa da caca, shi ya sa na nisance shi, ba na sayen kati sai wanda na gani da idona na san farashinsa. Ko a hakan ma ba na ɗaukar sa a matsayin jari, domin darajar katin mai jifa tana rataye ne da jijiyar gwiwar hannunsa. Wani mai jifa, Stephen Strasburg, ya fitar da masu kulki 14 a wasansa na farko a 2010, kuma da Pirates ɗin nan aka yi wasan, farashin katinsa ya tashi sama, amma kafin kakar ta ƙare jijiyarsa ta tsinke sai da aka yi masa tiyata.

A bayan kowane kati ana rubuta tsawon ɗan wasa da garinsu da abin da ya yi a kowace shekara, ta yadda yaro zai iya karanta tarihin gwanin da ya yi wasa tun kakansa yana saurayi. Wannan ne ya sa na tuna da 'yan wasan Kano Pillars da suka ci kofin ƙasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, na kuma yi sha'awar a ce an buga musu irin wannan kati. Idan kun san mai ɗab'i a Kano da zai so ya ga ingancin kwalin da yadda ake tsara bayanan, zan aiko muku da samfuri ta hannun mai zuwa gida.